Yadda Za Ka Ci Gardamar Ƙarin Fansho a Teburin Mai Shayi

Gardamar ƙarin fansho ba ta da lokaci. Tana tashi a teburin mai shayi da sassafe, tana tashi a tasha kafin mota ta cika, tana tashi a ƙofar masallaci tsakanin Magariba da Isha'i, kuma duk inda ta tashi kowa gwani ne. Wanda bai taɓa riƙe takardar albashi ba ya san abin da ya dace a ba tsohon darakta. Wanda ake bin sa kuɗin shayin jiya ya san yadda za a daidaita kasafin kuɗin Tarayya. Ni dai ina da ɓangare, kuma ba na ɓoyewa: ina tare da 'yan fansho, ina so a ƙara musu, a kuma biya su a kan kari. Abin da ke ci min rai shi ne, masu goyon bayansu sukan shiga gardamar da tausayi zalla, a yi musu tambaya biyu su kasa, su koma cewa Allah Ya isa. Gaskiya tana hannunsu amma ana kayar da su. Domin su na rubuta wannan.

Fara da wurin zama. Kada ka zauna a ƙarshen benci, domin ranar da hujjarka ta yi zafi abokan gardama suka miƙe gaba ɗaya, kai da kofinka za ku tsinci kanku a ƙasa. Ka zauna kusa da mai shayi, inda duk mai neman ƙarin madara dole ya juyo ya dube ka. Ka kuma biya kuɗin shayinka tun kafin ka buɗe baki. Mutumin da sunansa ke cikin littafin bashi ba ya iya maganar bashin gwamnati da cikakkiyar murya.

Daga nan sai ka haddace lamba biyu, 173 da 210. Ba lambar A Daidaita Sahu ba ce, sassa ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Na 173 ya shafi ma'aikatan Tarayya, na 210 ya shafi na jihohi, kuma abu ɗaya suka tanada: a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda duk ya riga zuwa. Sun kuma hana a cire haraji daga fansho. Ka faɗi wannan a tsanake, ka kurɓi shayi, ka bari ya ratsa jama'a. Yawancin masu gardamar nan sun ɗauka ƙarin fansho alfarma ce da gwamna ke yi ranar da ya tashi da farin ciki. Da zarar sun ji cewa doka ce, kuma dokar da gwamnan ya rantse da Alƙur'ani ko Baibul zai kare, rabin muryoyin za su sauka. Ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, ya yi ciniki ne da gwamnati tun ranar da ya karɓi takardar ɗaukar aiki: a biya shi wani abu yanzu, a ajiye masa wani abu sai ƙarfinsa ya ƙare. Ya cika nasa ɓangaren. Saura na gwamnati.

Ana nan wani zai ɗaga waya ya ce, "Haba Malam, ai an ƙara musu, ni da kunnena na ji a rediyo." Kada ka ƙaryata shi, gaskiya ya ji. Tambayarsa za ka yi: waɗanne? Nan ne wurin da ya kamata ka daɗe, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa.

'Yan fanshon Tarayya kashi biyu ne. Akwai na tsohon tsari, waɗanda gwamnati ke biya kai tsaye daga baitulmali, galibi waɗanda suka bar aiki zuwa ƙarshen Yunin 2007. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, ita ke kula da su. Akwai kuma na sabon tsari, na karo-karo, wanda ya zo da dokar gyaran fansho ta 2004 a zamanin Obasanjo, hukumar PenCom na sa ido a kansa. A wannan tsari ana yankar wani abu daga albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara nasa, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin a hannun kamfanin fansho. Da farko kashi 7.5 ne kowane ɓangare. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Ƙarin kashi 20 zuwa 28 cikin ɗari da aka sanar a 2024, wanda ya fara aiki daga watan Janairun shekarar, na 'yan tsohon tsari ne na Tarayya. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, an amince da ƙarin naira 32,000 ga 'yan fanshon Tarayya, amma sai da aka shafe watanni da dama kafin 'yan tsohon tsari su fara ganinsa a asusunsu. Su kuwa 'yan karo-karo, da yawansu sun yi watanni, wasu fiye da shekara, ba su taɓa ko sisin kwabo ba bayan ritaya, domin gwamnati ba ta zuba musu haƙƙin shekarun da suka yi aiki kafin 2004 ba. Bashin ya taru har sai da Majalisar Zartarwa ta amince a 2025 a ciwo bashin naira biliyan 758 don a biya bashin. Ka ga an ci bashi an biya bashi, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa abin da 'yan fansho ke kuka a kai ba ƙage ba ne. Sojoji an fitar da su daga tsarin karo-karo tun 2011. Tsofaffin 'yan sanda kuwa a Yulin 2025 suka fito titunan Abuja suna neman su ma a fitar da su.

Duk wannan fa labarin Tarayya ne. Sai ka juya ka tambayi mai rediyo: tsohon hedimastan unguwarku, wanda ya koya maka karatu da rubutu, a wane kashi yake? Ba ya cikin ko ɗaya. Shi ɗan fanshon ƙaramar hukuma ne, makomarsa tana hannun jiha. Abin da aka sanar a Abuja ba ya isa gare shi sai gwamnansa ya ga dama ya kwaikwaya. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, NUP, ta daɗe tana kokawa cewa a wasu jihohi akwai tsofaffin da abin da suke karɓa a wata bai kai naira dubu biyar ba. In ka kai nan, mai rediyo zai mayar da wayarsa aljihu.

Yanzu lokacin lissafi ne, kuma ba ka buƙatar kwamfuta. Babban shaidarka yana tsaye a gabanka da ludayi a hannu. Ka ce, "Mai shayi, don Allah nawa kake sayar da kofi ɗaya da burodi da ƙwai biyu a 2019, nawa kake sayarwa yau?" Zai faɗa maka har da abin da ba ka tambaya ba: kuɗin sukari, kuɗin gas, kuɗin gwangwanin madara, da sunayen waɗanda suka gudu da bashinsa. Ka bar shi ya gama, domin babu mai iya ƙaryata shi a kan teburinsa. Sannan ka ɗora naka. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'anarsa a saukake, naira 100 ta wannan watan abin da naira 74 ke saya shekara guda kafin nan kaɗai take iya saya. Fanshon da bai motsa ba an rage shi ke nan, ko da babu wanda ya sa hannu a takardar ragewa. Ɗan kasuwa yana iya ƙara farashi, ma'aikaci yana iya yajin aiki, direba yana iya ƙara kuɗin mota. Ɗan fansho wane aiki zai yi wa yaji? Ga shi a shekarun da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa suke zuwa gaisuwa su ƙi tafiya, inshorar lafiyar wurin aiki kuwa galibi tana tsayawa ne tare da albashi.

Zuwa yanzu mai cewa babu kuɗi ya gama gyara zama. Kowane teburi yana da shi, kuma yakan yi magana da nauyin murya kamar shi ke riƙe da makullin baitulmali. Kada ka yi masa tsawa. Ka yarda da shi a inda yake da gaskiya: akwai jihohin da abin da suke tarawa na haraji bai taka kara ya karya ba, kuma akwai 'yan fanshon bogi da suka daɗe suna cin kuɗin matattu. Bayan ka ba shi wannan, sai ka tuna masa abin da kotu ta tabbatar. A Janairun 2013 John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifinsa a shari'ar biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa ya gyara harkar fansho, sai a Yamai aka kamo shi a ƙarshen 2020, kuma a Nuwambar 2021 kotu ta ɗaure shi shekara takwas kan halasta kuɗin haram kimanin naira biliyan 2. A Zamfara, a Nuwambar 2019, wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta neman a ci gaba da biyansa naira miliyan 10 duk wata ita ta sa majalisar jihar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni. Ka tambaye shi, naira miliyan 10 malaman firamare nawa za ta biya a wata? Ka ba shi lokaci, yawanci yakan fara da yatsu.

Ka kuma nuna masa inda aka gwada aka gani. Jigawa tana da nata tsarin karo-karo tun farkon shekarun 2000, kuma ta yi suna wajen biyan masu ritaya ba tare da dogon jira ba, har wasu jihohi suna tura wakilai Dutse su ga yadda ake yi. A Kano bashin garatuti da haƙƙin mamata ya taru ya haura naira biliyan 48, aka fara biyansa kashi-kashi daga ƙarshen 2023, aka kuma ɗaga mafi ƙarancin fansho daga naira 5,000 zuwa 20,000. Amma a nan ka yi hattara ƙwarai. Da zarar ka ambaci Kano wani zai gyara hula, wani zai gyara tasa, kafin ka ankara an koma wa ya tara bashin, wa ya biya, wa ya fi wani, an manta da tsohon da ake magana a kansa. In ka ga huluna sun fara motsi, ka yi maza ka ce wa mai shayi ya ƙara wa kowa ruwan zafi, ka dawo da maganar kan 173 da 210. Waɗannan ba su da jam'iyya.

Abokin gardamar da ya fi kowa ƙarfi ba mai hayaniya ba ne. Shi ne Alhaji mai shago, ko manomin da ya shigo gari sayar da hatsi, wanda zai bari kowa ya gama sannan ya ce, "To ni da na shekara arba'in a kasuwa, wa ke biyana fansho?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma in ka yi mata dariya ka faɗi. A ƙarshen 2024 masu asusun fansho a Najeriya sun ɗan haura miliyan 10 ne kawai, a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 200. Mafi yawan tsofaffinmu ba su da kowa sai Allah sai 'ya'yansu. Ka faɗi haka da bakinka kafin shi ya faɗa. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, kai lokacin da kake juya jarinka, doka ce ta ɗaure hannun ma'aikaci." Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, noma kaɗai ta bar masa. Wanda ya bi dokar ya fito ba shago, ba jari, sai alkawari. Ka kuma tambayi Alhaji, ranar da alat ɗin fansho ya shigo, ina kuɗin ke kwana? Ba Dubai suke zuwa ba. A shagonsa suke kwana, da wurin mai kemis, da mai nama, da mai itace, ana goge tsohon bashi ana buɗe sabon shafi. In ya yi murmushi, to ka yi masa albishir cewa shi ma an buɗe masa ƙofa: tun 2019 aka ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, kuma akwai asusun da babu kuɗin ruwa a cikinsa ga mai gudun riba. Ko ya shiga ko bai shiga ba, ya tashi da abin da bai zo da shi ba.

Matashin da zai ce ai su suka lalata ƙasar, kada ka ɓata masa lokaci mai yawa. Ka ce ya je layin tantancewa ya duba fuskoki. Masinja zai gani, da ungozoma, da malamin gona, da direban motar asibiti, da mai gadin makaranta. Waɗanda suka ci kuɗin kwangila ba sa bin layi.

Akwai kuma wanda bai ce uffan ba tun ɗazu, sanye da kaftani mai guga, katin shaidar ofis a wuya, yana ta duba agogo. Ma'aikaci ne mai ci, yana ganin ritaya labarin wasu ce. Shi ya fi kowa buƙatar ka, don haka ka matsa kusa da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya duba bayanin asusun fanshonsa, ya tabbatar abin da ake yanka a albashinsa yana isa can, domin akwai ma'aikatu da jihohin da suke yanka ba sa zubawa. Ka tambaye shi ko sunansa iri ɗaya ne a fayil ɗin ofis, da katin NIN, da BVN, da kamfanin fansho. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar firamare: wannan kaɗai yana iya tsayar da haƙƙin mutum watanni yana zarya da fayil a hammata. Ranar haihuwa ma haka; in yana da biyu, ya zaɓi ta gaskiya ya daidaita tun da sauran ƙarfin hawa bene. Ya duba wanda ya rubuta a matsayin magaji, kada ya zama har yanzu sunan wani ne da ya riga shi rasuwa. Ya adana takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, a inda ruwa da gara da yara ba sa kaiwa. Za ka ga ya daina duba agogo.

In kuwa Allah Ya sa akwai ɗan fansho a teburin, ka ajiye duk lambobin nan ka ba shi fili. Ka ce, "Baba, ku da abin ya shafa, ku faɗa mana." Kada ka katse shi ko da ya faro daga zamanin Gowon, domin ta can hanyar take, kuma zai iso. Zai ba ku labarin ariyas da aka yi alkawari, da fitowa tun asuba don tantancewa, da abokan aikinsa da suka rasu garatutinsu bai fito ba, iyalansu suna ta yawo da takardar mutuwa. Babu hujjarka da ta kai wannan nauyi. In ya gama, ka biya masa shayi ba tare da sanarwa ba. In na Tarayya ne a tsohon tsari, ka tambaye shi ko ya yi tantancewar nan ta waya da PTAD ta fito da ita, wadda mutum ke nuna fuskarsa ko yatsansa don a san yana raye. In bai iya ba, ka zauna ka yi masa, minti kaɗan ne ga mai babbar waya, amma ga tsoho mai ƙaramar waya yana iya zama sanadin tsayar da fanshonsa.

Abu guda da yakan kayar da masu goyon baya a ƙarshe shi ne a ce musu, to me kuke so a yi? Sai su ce a dai tausaya. Kai kada ka ce haka. Ka ce a kafa mafi ƙarancin fansho a kowace jiha, a ɗaura shi da mafi ƙarancin albashi, yadda duk ranar da ɗaya ya motsa ɗayan zai bi shi ba sai tsofaffi sun fito titi da kwalaye ba. Ka ce a sa wa'adi a doka na biyan garatuti bayan ritaya, a kuma fara da iyalan mamata da masu ƙaramin mataki. Ka ce a aiwatar da lamunin mafi ƙarancin fansho da dokar 2014 ta riga ta tanadar wa 'yan karo-karo. Ka ce duk jami'in da ya yanki kuɗin ma'aikaci bai zuba ba a gurfanar da shi da sunansa.

Kuma kada gardamar ta ƙare a kan benci. Gidajen rediyonmu suna da shirye-shiryen kiran waya safe da dare. Ka sa kati, ka rubuta abin da za ka faɗa a takarda, domin minti ɗaya suke bayarwa kuma gaisuwa takan cinye rabinsa. Ɗan majalisar jiharku yana da ofishin mazaɓa, shi ne mai ƙuri'a a kan kasafin kuɗin da fanshon malaman firamare ke ciki. In lokacin zaɓe ya zo ɗan takara ya shigo unguwa da jerin motoci, ka bari a gama kirari, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Yallaɓai, nawa ne mafi ƙarancin fansho a jihar nan, kuma yaushe rabon da a duba shi?" In ya ce za su duba, ka yi masa godiya, ka tambaye shi wane wata, wace shekara, ka fito da waya ka rubuta a gabansa, ka kuma roƙi mai unguwa da liman su zama shaida.